Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Tangaran Daga Tambarin Da Ke Gindinsa

Tsofaffin farantai, kofuna da butocin shayi na tangaran suna da yawa a Yamai fiye da yadda ake zato. Wasu Turawan mulkin mallaka suka bari bayan an maido babban birni daga Damagaram a 1926, wasu kantunan kamfanonin Faransa CFAO da SCOA suka shigo da su, wasu kuma fatake suka kawo daga Kano da Kumasi, ko alhazai daga Makka. A yau ga na gwanjo da ke zuwa daga Turai, suna watsuwa cikin kasuwar Katako da Wadata. Mai sayarwa zai juya maka gindin faranti ya nuna kambi ko wani rubutu ya ce "wannan tun na Turawan farko ne". Kafin ka biya, ka san abu ɗaya: tambari yana faɗa maka shekarar da kayan ba zai girme ta ba, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa, domin buga tambari ya fi gina faranti sauƙi. Saboda haka ake fara duba jikin kayan, tambari ya biyo baya.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin ƙara girma mai ninka abu sau 10, fitilar salula, farar takarda maras kauri da fensir mai laushi, auduga, ruwan goge jan farce, ma'aunin santimita, da tawul. In kana iya aron fitilar nan mai shuɗin haske da ƴan canji ke duba takardar kuɗi da ita, ka haɗa da ita.

Wanki tukuna

Shimfiɗa tawul a ƙasan roba, zuba ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun ruwa biyu ko uku, ka wanke kaya ɗaya bayan ɗaya da hannu ko tsumma mai laushi. Kada ka taɓa shi da toka, yashi ko soson ƙarfe: zinariyar bakin kofi da tambarin da aka buga a saman ƙyalli, wato shafen nan mai santsi kamar gilashi, za su tafi tare da dattin. Ruwan jabel ya fi komai ɓarna. Yana shiga ta ƙananan tsaguwa, ya bushe ya zama gishiri a ƙarƙashin ƙyallin, bayan wasu watanni ƙyallin ya soma ɓantarewa. Kayan da aka taɓa liƙewa da gam kuma ba a jiƙa shi. A goge kawai.

Mataki na farko: wane irin jiki ne?

Shiga inuwa, ɗora fitilar salula a bayan farantin, ka gitta yatsanka tsakani. In haske ya ratso har kana ganin inuwar yatsan, tangaran ne na gaske, wanda aka yi da farin yumɓun kawolin aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,300 zuwa 1,400. In hasken da ya ratso yana da ɗumi, fari mai komawa kalar madara, mai yiwuwa irin na Ingila ne da ake haɗawa da tokar ƙashi. In haske bai wuce ba ko kaɗan, kuma gefen ba mai kauri ba ne, to fayans ne, wato yumɓu mai shan ruwa da aka lulluɓe da shafen ƙyalli. Yawancin farantan Faransa da Holan da ke gidajen Yamai fayans ne.

Ka tabbatar da gwaji biyu. Ɗora farantin a kan ƴan yatsu uku ka ƙwanƙwasa bakinsa da farce: tangaran lafiyayye yana ƙara mai tsawo, fayans gajeriyar ƙara, mai tsaguwa kuma sai ka ji "kwaf" ko da idonka bai ga tsagar ba. Sannan ka ɗiga ruwa a zoben gindi inda babu ƙyalli, ko inda ya ɓalgace. Fayans zai tsotse ɗigon wurin ya yi duhu, tangaran zai bar shi tsaye.

Wannan matakin yana kashe gardama tun da wuri. In tambari ya ce Limoges, garin tangaran na Faransa, amma jikin ba ya ratsa haske kuma yana shan ruwa, magana ta ƙare. Haka fararen farantan nan masu ƙananan furanni da aka rubuta wa Arcopal: gilashi ne, ba yumɓu ba, kuma sai 1958 aka fara yin su. Langa da kwalla na jeren ɗakin amarya su ma ƙarfe ne aka shafe, hukuncinsu daban.

Mataki na biyu: yaya aka sa tambarin?

Iri uku ne. Akwai wanda aka danna cikin ɗanyen yumɓu kafin gashi. Ba shi da launi, sau da yawa ƙyalli ya cike shi har ba ya ganuwa. Kwantar da fitila daga gefe, kusan daidai da gindin, inuwa za ta fito da haruffan. In bai isa ba, ɗora takarda ka goga fensir a kwance. Akwai wanda aka buga ko aka zana a ƙarƙashin ƙyalli, galibi shuɗi, kore ko baƙi. In ka bi ta kansa da farce ba ka jin komai, santsi ne kawai. Sai na saman ƙyalli, ja ko ruwan zinariya, wanda farce ke jin tudunsa kuma yakan goge da amfani.

Nauyin shaidarsu ba ɗaya ba ne. Na danne da na ƙarƙashin ƙyalli tare da kayan aka gasa su, ba a iya ƙara su daga baya. Na sama kuwa kowa na iya sa shi bayan shekara hamsin. Jiƙa auduga da ruwan goge farce ka taɓa gefensa: tambarin da aka gasa ba ya motsi, na fenti ko tawada yana zuba.

Ka kwafe duk abin da ke gindin cikin littafi, har ƙananan lambobi da ɗigo, ka ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Lamba ɗaya ko biyu da aka rubuta da hannu yawanci ta mai zane ce ko ta samfurin adon, ba shekara ba ce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar shekarar da ke cikin tambari a matsayin shekarar ƙira. In ka ga 1790 a kayan Sarreguemines ko 1821 a na Gien, masana'antun Faransa biyu, shekarar kafa masana'antar ce, kuma ana iya buga ta a farantin da aka yi bara.

Mataki na uku: sunan ƙasa

Nan ne aka fi samun amsa da sauri. A 1890 Amurka ta yi dokar kwastan da ta tilasta rubuta sunan ƙasar da kaya ya fito, ta fara aiki a 1891. Masana'antu da yawa sai suka riƙa buga sunan ƙasa da Turancin Ingilishi a kayan da suke fitarwa. Don haka England, France ko China a ƙarƙashin tambari na nufin, a mafi yawan lokuta, daga 1891 zuwa sama. In an ƙara kalmomin Made in a gaba, ka ɗauka ƙarni na 20 ne. Jamus ce ta riga saura: dokar Ingila ta 1887 ta sa an fara ganin Made in Germany tun ƙarshen ƙarni na 19.

Ƙasashen da suka canja suna sun fi kowa taimako. Nippon shi ne abin da Japan ke rubutawa daga 1891 zuwa 1921, lokacin da Amurka ta ce a koma rubuta Japan. Occupied Japan na tsakanin 1945 da 1952 ne. Czechoslovakia ba ta wanzu kafin 1918 ba, kuma ta rabu a ƙarshen 1992. Germany US Zone na 1945 zuwa 1949 ne. West Germany da GDR, wato Jamus ta Yamma da ta Gabas, daga 1949 zuwa 1990. USSR, wato Tarayyar Sobiyet, ba ya wuce 1991, kuma irinsa ne tsofaffin ɗalibanmu da suka yi karatu a can suka zo da shi. Bavaria yanki ne kawai a Jamus mai masana'antu da dama, ba sunan kamfani ba.

Rashin sunan ƙasa ba ya nufin kayan ya girmi 1891. Abin da aka yi don kasuwar Faransa da ƙasashen da ta mallaka bai buƙaci wannan rubutu ba, kuma kayan zamani da yawa takarda ake manna musu, ta fita a wankin farko. Duk rubutun da ke cewa ana iya sa kayan a injin wanke kwanuka na bayan tsakiyar shekarun 1950 ne; in ya ambaci na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, daga shekarun 1970 zuwa yau.

Mataki na huɗu: kayan Faransa da Holan

Limoges gari ne, ba kamfani ba. An gano kawolin a Saint-Yrieix kusa da shi a 1768, aka fara tangaran a 1771, kuma masana'antu masu yawa sun yi aiki a can. Ka nemi tambari biyu. Koren da ke ƙarƙashin ƙyalli na masana'antar da ta gasa farin jikin ne. Na biyun, ja ko wani launi a sama, na wanda ya yi ado ne, kuma yana iya zuwa shekaru bayan na farko. Shekarar kayan ita ce ta tambarin da ya fi ƙuruciya. In tambarin sama kaɗai ne ya ce Limoges, babu kore a ƙasa, ka yi shakka. Limoges China kuma ba daga Faransa yake ba.

Sarreguemines tana da labarin da ke amfani wajen ƙidaya. Haruffan U da C na nufin kamfanin Utzschneider. Daga 1871 zuwa 1918 garin yana hannun Jamus, shi ya sa masu masana'antar suka buɗe wata a Digoin cikin shekarun 1870 don su ci gaba da sayarwa a Faransa. Farantin da ke ɗauke da Sarreguemines tare da Germany na wannan zangon ne, kafin 1918. Wanda ya haɗa sunayen biyu, Digoin da Sarreguemines, mafi yawansu na bayan yaƙin duniya na farko ne, kuma su ne suka cika gidajen ma'aikatan mulkin mallaka. Masana'antun Creil da Montereau sun haɗe a 1840. Haruffan HBCM na bayan haɗewa da Choisy-le-Roi ne, daga 1920 zuwa 1955. K da G na Lunéville ne, Keller da Guérin. Badonviller ba ta kafu ba sai 1897.

Kwanukan Holan masu manyan furanni ja da kore, wasu da jinjirin wata da tauraro, daga Maastricht suka fito, kuma an yi su ne musamman don kasuwannin Afirka da Asiya. Hoton dabba kwance mai jikin zaki da kan mutum tambarin gidan Petrus Regout ne, wanda ya soma amfani da shi wajen 1880, kamfanin kuma ya ɗauki sunan Sphinx a 1899. Zaki a tsaye na Société Céramique ne, wadda ta yi aiki daga 1863 har ta haɗe da Sphinx a 1958.

Harafin L biyu a sarƙe na masana'antar Sèvres ta Faransa, da takubba biyu a gicciye na Meissen ta Jamus da aka soma wajen 1722, suna cikin tamburan da aka fi kwaikwaya a duniya tun ƙarni na 19. Ka ɗauke su a matsayin kwaikwayo har sai masani ya riƙe kayan a hannunsa.

Mataki na biyar: lambobin Ingila

Ingila ta bar wa mai bincike hanya mafi daidai. Daga 1842 zuwa 1883 ana buga alamar rajista mai kusurwa huɗu a tsaye, da Rd a tsakiya da ɗan da'ira a sama mai ɗauke da IV, wato ajin kayan yumɓu. Duba kusurwar sama, ƙarƙashin da'irar. In harafi ne a wurin, rajistar ta 1842 zuwa 1867 ce, kuma harafin ne shekarar: X 1842, A 1845, V 1850, P 1851, E 1855, Z 1860, W 1865, T 1867. In lamba ce a kusurwar sama, ranar wata ce, zangon kuma 1868 zuwa 1883 ne. Harafin shekara ya koma kusurwar dama, jerin ya sake farawa: X 1868, C 1870, S 1875, J 1880, K 1883. Mutane da yawa suna ɓata shekara 26 a nan saboda ba su duba ko harafi ne ko lamba a sama ba.

Daga 1884 aka koma Rd No, wato lambar rajista, da lamba a jere. Lambar ta kai wajen 141,000 a farkon 1890, wajen 351,000 a farkon 1900. Ka tuna ranar rajistar samfuri ce. Ana iya ci gaba da yin samfurin shekaru da yawa. Ltd na bayan 1860 ne, Trade Mark na bayan 1862, galibi ma bayan 1875, kalmomin Bone China a cikin tambari kuma na ƙarni na 20 ne. Sunan kamfanin Wedgwood na gaske ba shi da e bayan g.

Mataki na shida: rubutun Sin

Tambarin sarauta yakan zama haruffa shida a layi biyu, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu. Biyun farko sunan daula ne, 大明 na Ming (1368 zuwa 1644) ko 大清 na Qing (1644 zuwa 1911). Biyun tsakiya sunan zamanin sarki. Biyun ƙarshe, 年製, na nufin "an yi a zamanin". Kangxi ya yi mulki 1662 zuwa 1722, Qianlong 1736 zuwa 1795, Guangxu 1875 zuwa 1908. Amma magina na Jingdezhen, garin tangaran na Sin, sun daɗe suna sa sunan tsohon sarki a sabon aiki don girmamawa, ƴan kasuwa kuma suna sa shi don riba. Jan tambarin Qianlong da aka buga da hatimin roba yana kan miliyoyin kayan ƙarni na 20. In an rubuta sunan ƙasar da sauƙaƙan haruffa, 中国, kayan na bayan 1956 ne, lokacin da aka sauƙaƙa rubutun. Kwanukan shuɗi da fari masu ɗigon haske a jiki da aka rubuta wa Made in China na wannan zamanin ne: masu kyau, amma ba na sarki ba.

Mataki na bakwai: jiki ya gaskata tambari?

Sa madubi a kan adon. Zanen hannu yana nuna sawun buroshi, launi na yin kauri a wani wuri ya yi sirara a wani, kuma furanni biyu ba sa zama daidai. Bugun da aka ɗauko daga farantin tagulla da takarda, wanda Ingila ta fara tun shekarun 1750, launi ɗaya ne mai siraran layuka, kuma a gefen faranti za ka ga inda bakin takarda ya haɗu bai daidaita ba. Ƙananan ɗigo masu launi iri-iri a jere reras, irin na hoton jarida, aikin injin zamani ne. Tambarin 1760 da ɗigon inji ba sa haɗuwa.

Sai zoben gindi. Shekaru na zama a kan kanta da tebur suna cinye shi ya yi sumul, dattinsa ya shige ciki ba ya fita da wanki. Na jabu ana goga shi a siminti ko takardar yashi, sai ka ga karce a jere duk sun nufi gefe ɗaya. Karcen wuƙa da cokali na gaske kuwa ta ko'ina suke, sun fi yawa a tsakiyar faranti. Zinariya tana gogewa inda leɓe da yatsa ke taɓawa, bakin kofi da mariƙi. In ta goge daidai wa daida ko'ina, hannu ne ya goge ta. Ƙananan tsaguwa a ƙyalli ba shaidar tsufa ba ce: zafin Yamai da canjin ɗumi daga damina zuwa hunturu suna tsattsaga fayans na shekara ashirin, masu jabu kuma suna jiƙa shi a ruwan shayi ya yi duhu. Ƙananan tabo uku a bayan faranti sawun ƙafafun da aka ɗora shi ne a wurin gashi, ba aibi ba ne.

A ɗaki mai duhu, haska fitilar ƴan canji. Gam da fentin gyara suna bayyana da launi dabam da na ƙyallin asali. Gyaran da aka yi da ƴan ƙusoshin ƙarfe a bayan faranti tsohuwar hanya ce da aka bari bayan zuwan gam mai ƙarfi a tsakiyar ƙarni na 20. Yana rage kuɗi amma yana goyon bayan tsufa.

Yanzu ka rubuta sakamako a matsayin zango, ba shekara ɗaya ba. Misali: fayans ne, tambarin Sarreguemines a ƙarƙashin ƙyalli, an rubuta Germany, zoben gindi ya ci, to tsakanin wajen 1890 da 1918. Kullum shaidar da ta fi ƙuruciya ce ke yanke hukunci. Tsohon fayans mai tsattsagen ƙyalli ko adon saman ƙyalli kuma kada a zuba masa kunun tsamiya, nono ko lemun tsami, domin tsami na jawo dalma daga cikin shafen.

Namu na gida

Tulu, randa da tukunyar Bubon, da ke bakin kogi kusa da Yamai, da na Mirya ta wajen Damagaram ba su da tambarin masana'anta. Ana gane su ta siffar wuya da baki, launin yumɓu, irin zanen fari, ja da baƙi, da sawun igiya ko tabarma da aka danna a jiki. Wadda ta fi kowa iya faɗa maka gari da zuriyar da suka yi tsohuwar randa ita ce tsohuwar magina. Ka kai mata hoto a kasuwar Laraba ta Bubon. Wanda ke da tambari a yankinmu shi ne aikin cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, wadda Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950. Yumɓu ne mai nauyi da ƙyalli mai duhu, an danna masa sunan Abuja da haruffan Larabci, da haruffan magini a gefe. LK na Ladi Kwali ne, wadda ta shiga cibiyar a 1954 ta rasu a 1984, kuma aikinta yana da daraja sosai a yau.

Kawuna da tukwanen binne gawa na Bura kuwa, waɗanda aka gano a 1975 a yankin Tera, Boubé Gado ya tono su a 1983, ba kayan ciniki ba ne. Dokar Nijar ta 30 ga Yuni 1997 ta kare su, kuma suna cikin jerin kayan tarihin Afirka da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta ja kunne a kan sayensu tun 2000. Ido ba ya ƙidaya shekarunsu. A ɗakin gwaji ake yi, da ɗan garin yumɓun da aka huda aka ɗebo. In an kawo maka irinsu, ko ka ci karo da su a gona, kada ka wanke, kada ka raba gutsattsarin, ka rubuta wurin da aka same su, ka sanar da gidan tarihi na Boubou Hama ko cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam (IRSH) ta Jami'ar Abdou Moumouni.